Daminar da Ƙuraje Suka Kama Jan Sa

Daminar da ta biyo bayan canjin kuɗi ce, shekarar da mutum zai wuni a kasuwar Karaye da buhun masara ya rasa mai ba shi takardar kuɗi a hannu. A lokacin ban fara zuwa ajin yaƙi da jahilci ba, don haka da irin waɗannan abubuwa nake riƙe shekaru. Da wahalar kuɗin ta lafa muka ɗauka mun gama biyan na wannan shekara. Ashe da saura.

Shanun huɗa biyu gare mu, ni da taubashina, ɗan gwaggona. Nawa fari ne mai baƙin kunne, nasa ja ne mai gajerun ƙaho. Babu mai halin sayen biyu a cikinmu, sa ɗaya kuma ba ya jan garma, shi ya sa muka haɗa. Kowa yana ɗaure nasa a gidansa, ni a unguwarmu ta Tudun Kaya, shi a ƙetaren ƙorama, tafiyar da ba ta kai a hau babur ba. In ruwa ya sauka sai mu haɗa su a karkiya ɗaya. Farin yana dama, Jan yana hagu. Haka muka hore su tun suna ƙanana, kuma in ka sauya musu gefe sai su tsaya cak suna kallonka. Sun saba da juna har ba ma neman mai ja musu igiyar hanci. In an kai ƙarshen kunya Jan ne yake fara juyawa, Farin ya bi shi.

Ka'idarmu ɗaya ce: bana a fara da gonakina, baɗi a fara da nasa. Wannan shekarar tasa ce.

Tun muna yara ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Bawana yake ce mini, ni ma bawana nake ce masa, kuma babu wanda ya taɓa raba mana wannan gardama. Ranar ɗaurin aurena cewa ya yi a duba amarya ko idonta yana gani sosai. Ranar da mahaifina ya rasu ce kawai ya zauna kusa da ni bai ce uffan ba, washegari kuma ya ce in daina ɓata fuska, dama can ba kyau ne da ni ba. Haka muka taso, haka muka yi furfura. Ko maganar taki ce, ko ta rabon harawa, a cikin tsokana muke gama ta, kuma ba mu taɓa cutar juna ba.

Mun huɗe masa gonar masara da ta dawa lafiya, muka shiga ta gyaɗa. A kwanakin ne masu dawowa daga kasuwa suka fara cewa wani ciwo ya shiga shanu ta wajen Rogo, ƙuraje ne suke fito musu a jiki, Filani suna ce masa bolle. Muka ce Allah ya kyauta, muka ci gaba da aikinmu. Rogo ba nisa, amma wanda yake riƙe da garma a farkon damina ba ya jin labarin da ya wuce bakin gonarsa.

Ranar da muka rufe gonarsa ta ƙarshe na lura Jan yana ja da baya a karkiya, idonsa yana ruwa, yawu yana dalala daga bakinsa. Na ce, "Bawana, san nan naka yau ba daidai yake ba."

Ya ce, "Mai riƙe da garma ne ya ishe shi. Ko ni na wuni ina jin wannan muryar a bayana sai na yi hawaye."

Muka yi dariya, ya kaɗa sansa suka tafi. Washegari ne ya kamata a shiga gonar gyaɗata, wadda take bakin hanya. Na kai Farin na ɗaure a gindin ɗorawa, na zauna ina jira har rana ta take. Bai zo ba. Na mai da Farin gida na tsallaka ƙorama.

A turke na same shi, yana tsaye hannu a ƙugu. Ƙuraje sun feso wa Jan tun daga wuya har cinya, kowanne ya kai goro, masu tauri, gashin wurin ya miƙe tsaye. Na ɗora hannu a haƙarƙarinsa na ji zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ga harawa a gabansa bai taɓa ba.

"Ka ga abin da bakinka ya jawo," in ji taubashina. Amma bai kalle ni ba.

Muka kira malamin dabbobi daga Karaye. Ya zo a babur, ya zagaya san, ya latsa ƙurajen, ya buɗe bakinsa ya duba. Ya ce ciwon ba shi da maganin da ke kashe shi, allurar da zai yi ta zazzaɓi ce, da kuma wadda za ta hana gyambo ruɓewa. Ya ce sauro da ƙudan da ke cizo da kaska su ne suke ɗauka daga wannan su kai wa wancan. Akwai rigakafi, amma na wanda bai kamu ba ne, kuma ba shi da shi a hannu a lokacin. Da yawa suna tashi, in ji shi, in an yi haƙuri da su. Sai ya ja mana kunne a kan abu biyu. Kada a haɗa shi da wani sa. Kada kuma a ɗora masa karkiya sai ƙurajen sun faɗi, ramukan sun cike, gashi ya fito.

Ya ce, "Ko kun ga yana ci yana tafiya, kada ya ruɗe ku."

Taubashina ya nuna ni da haɓa ya ce, "Malam, in allurar ta yi ragowa a yi wa wannan ma. Ya daɗe ba ya aikin kirki."

Malamin bai yi dariya ba. Ya ɗaure jakarsa ya tafi.

Daga nan aka shiga jinya. Kullum in na idar da sallar asuba sai in tsallaka ƙorama. Mu hura wuta a gefen turke mu danne ta da ɗanyen ganyen darbejiya don hayaƙi ya kori ƙuda. Mu wanke masa jiki da ruwan maɗaci. Mu dama dusa da kanwa ruwa-ruwa, ɗaya ya ɗaga masa kai ɗaya ya ɗura. Ƙafarsa ta gaba ta kumbura har ba ya son taka ta. In na dawo gida sai na wanke hannu na sauya riga kafin in taɓa Farin, ban sani ba ko hakan yana da amfani, amma ina yi. Shi kuwa Farin yana cin abincinsa, sai dai da yamma ya juya ya fuskanci ƙorama ya yi ta kuka.

Sannu a hankali zazzaɓin ya sauka. Ƙurajen suka fara bushewa, tsakiyar kowanne ta yi baƙi, ta ɓantale kamar murfi, ta bar rami. Na jiki suka kama hanyar warkewa. Jan ya koma cin harawa, ya fara taka ƙafar. Amma akwai wasu manya da suka taru a gaban tozo, daidai inda karkiya take zama. Su ɓawo kawai suka yi a sama, in ka latsa gefe sai ruwa ya fito.

Duk wannan ruwa yana ta sauka. Gyaɗar maƙwabta ta tsiro ta yi ganye, tawa gonar kuwa ciyawa ce ta rufe ta, irin yana rataye a ɗaki. Gyaɗa ba ta jiran mutum. In ta makara, ruwa zai ɗauke tana da kwanso babu ƙwaya. Na nemi shanun haya har Yammedi. Wani ya ce nasa ma yana kwance, wani ya ce akwai mutane a gabana da yawa, sai dai in jira. Na dawo na ɗauko garmar hannu ta mahaifina, wadda na daɗe ban taɓa ba, na sa mata sabuwar ƙota na shiga gona ni kaɗai. Ba shekara ashirin gare ni ba. In na sunkuya na yi kunya biyu sai na dafa ƙugu kafin in miƙe. Na yi kwanaki, in ka tsaya a bakin hanya ka duba, kusurwa ɗaya kawai ta yi baƙi.

Wata safiya ina cikin haka na ji muryar taubashina daga bakin gona.

"Ashe dai bawa ya koma sana'ar kakanninsa."

Na ce, "Kakan namu ai ɗaya ne, sai ka zo ka karɓi rabonka."

Ya tsaya yana kallon abin da na yi da abin da ya rage. Can ya ce, "Jibi zan kawo Jan."

Na ajiye garma na taka har inda yake. Na ce, "Kada ka kawo shi. Ka ji abin da malamin nan ya ce."

"Au, tsoro kake ji kada Farin naka ya ga ɗan'uwansa ya fi shi ado?"

"Ba wasa nake ba."

"Kullum haka kake cewa. Ranar da ka ce kura ta biyo ka a hanyar Yammedi ma ba wasa kake ba, aka je aka tarar da jaki."

"Wuyan nan bai warke ba. Ni da hannuna na latsa shi jiya."

"Hannun naka ne da nauyi. Ka je ka jiƙa dusa, ubangidanka ya gama magana."

Na buɗe baki zan kira shi da sunansa na yanka don ya san maganar ta bar wasa, sai sunan ya yi mini nauyi a harshe. Ban taɓa faɗarsa a gabansa ba. Kafin in samo wata kalma ya juya, yana tafe yana cewa in wanke fuska jibi kada in firgita masa sa. Ina jin ya ji ni sarai. Amma gonakinsa uku sun yi kore shar, tawa tana bakin hanya kowa yana wucewa yana gani, kuma ba mu da wata hanyar yin magana sai wannan.

Da la'asar na tafi wurin gwaggo. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce, "Gwaggo, ki hana shi fito da san nan."

Ta ce, "Ni in shiga tsakanin taubasai? Tun kuna yawo ba wando kuke wannan abin."

"Wannan ba irin wancan ba ne, Gwaggo."

Ta ci gaba da juya waken. Sai ta ce, "Na sani, ɗan nan. To amma ka san abin da ake faɗa a bakin masallaci? Wai ɗan mace ya gama nasa ya bar ɗan namiji da garmar hannu. Tuwo ma ba ya cinyewa, sai a ɗauke kwanon da saura. Zan yi masa magana. Amma ka san kansa, irin na babanka ne."

Ko ta yi maganar ko ba ta yi ba, ban tambaya ba.

Na yi tunanin in ƙi fito da Farin. To amma a ce ya iso bakin gonata da sansa, mutane suna wucewa, in ce ba zan haɗa nawa da nasa ba. Wannan ya wuce wasa, ya zama kamar na ce ka kawo mini cuta gida. Shekara huɗu muna cin tuwon shanun nan tare. Ranar ta zo, na kwance Farin na kai shi gindin ɗorawa.

Ya iso tun hantsi bai yi ba, karkiya a kafaɗa, Jan yana biye da shi a hankali. San ya rame, ƙashin bayansa ya fito, jikinsa duk tabo. Da suka hangi juna Farin ya fizge igiya daga hannuna, ya je ya shinshina shi ya hau lasar fuskarsa. Muka tsaya muna kallo, babu wanda ya raba su. Taubashina ya shafa man shanu a gaban tozon, ya ninka wani tsohon zanen gwaggo ya ɗora, sannan muka sa karkiya a kai.

Na ce, "Kaɗan za mu yi mu tashi."

Ya ce, "Ka ji malalaci, tun ba a fara ba."

An yi ruwa da daddare, ƙasa ta yi nauyi. Amma da na kafa garma na ce musu mu je, sai suka ɗauka tare kamar ba su taɓa rabuwa ba. Ƙasa tana kifewa baƙa ƙirin, tana ƙamshi. Muka kai ƙarshe, Jan ya juya, Farin ya bi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Abin da na yi kwanaki ina yi da hannu, kafin rana ta ɗaga sun ninka shi. Na daina kallon wuyan, ina kallon kunya. Shi yana tafe a gefen Jan, hannunsa a kan tozo, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Mun kusa rabin gona na ga ƙudaje sun taru a kan zanen. Na duba da kyau, na ga ya jiƙe ya yi ja, wani abu yana gangarowa ta gefen wuya. Jan yana numfashi da baki a buɗe, amma bai tsaya ba. Na danne garma na tsai da su.

Na ce, "Ya isa."

"Bawa ya gaji ke nan?"

Na saki garma na zauna a kan kunya, a cikin laka. Na ce, "E, na gaji. Ni ne bawan, kai ne ubangida. Na yarda. Kwance shi."

Tun muna yara yake neman jin wannan magana daga bakina. Ya dube ni ya daɗe, bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya kwance igiyar karkiya. Da ya ɗaga zanen sai ya taho da ɓawon gaba ɗaya, ramukan nan sun haɗe sun zama ɗaya, faɗin tafin hannu. Ya ninke zanen ya sa a hammata, ya kama igiyar hanci, suka nufi ƙorama. Na bi su da karkiya a kafaɗa.

Bayan wannan babu abin da ya tafi daidai. Duk hayaƙin da muka yi ƙuda ya sami hanya, gyambon ya yi tsutsa. Malamin dabbobi ya dawo, ya dubi wuyan, ya dube mu. Ya wanke, ya cire abin da zai ciru, ya yi allura. Wuyan ya ci gaba da kumbura har numfashin ya koma gurnani. Jan ya bar harawa, ya bar dusa, daga baya ruwa ma sai an ɗura. Muna tashinsa mu biyu da igiya a ƙarƙashin ciki, ya tsaya kaɗan ya sake zubewa. Mun yi ta yi dai, safe da yamma, babu mai cewa komai sai riƙe nan, ɗaga can. Na ga taubashina ya wasa wuƙa ya soke ta a jikin danga kusa da turke, don kada san ya tafi mushe.

Wata rana kafin azahar ya aika aka kira mahauci. Da mahaucin ya iso, taubashina ya ce yana da abin da zai duba a gonar masara, ya fita. Ni na riƙe igiya. Naman bai taka kara ya karya ba, ƙashi ya fi yawa. Da aka gama fiɗa mahaucin ya ɗaga fatar ya kalli rana ta cikinta, duk huji, ya ce babu mai sayen wannan ko kyauta. Muka haƙa rami a bayan danga muka binne ta.

Ba a daɗe ba ƙuraje suka fito wa Farin. Ko a waccan safiya da muka haɗa su ya ɗauka, ko saurayen unguwarmu ne suka kawo masa, tunda a lokacin ciwon ya riga ya shiga turakun maƙwabta, babu wanda zai iya cewa. Haka na gaya wa taubashina da ya zo dubiya. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ya tsuguna ya gyara wutar hayaƙin. Ya riƙa zuwa kullum kamar yadda na riƙa zuwa. Farin ya tashi, domin shi babu wanda ya ɗora masa komai a wuya, babu ma wanda za a haɗa shi da shi. Rabin gonar da aka huɗe na shuka gyaɗa ta yi abin da ta yi. Ɗaya rabin na bar wa ciyawa, ƙarfina ya ƙare.

Da damina ta zagayo na gwada haɗa Farin da san wani maƙwabcina. Suna tafiya daidai a tsakiyar gona, amma in an kai ƙarshen kunya sai Farin ya tsaya yana jiran na hagu ya juya, shi kuma wancan ya saba sai an ja shi da igiya. Muka yi ta fama, maƙwabcin ya gaji, ni ma na gaji. Na kai Farin kasuwar Karaye na dawo da igiya a hannu.

Ni da taubashina muna nan, ba mu yi faɗa ba. In mun haɗu yakan tsaya ya ba ni hannu, ya ce ina kwana ɗan'uwa, ya tambayi iyali da gajiya, ni ma in tambaye shi. A wani suna da aka yi a gidansu na gwada, na ce masa, "Bawana, kawo mini ruwa." Ya yi murmushi ya tashi ya kawo.

Ga abin da ya tafi: Jan sa da fatarsa, Farin sa bayan shekara guda, rabin gonar gyaɗa, jigilar taki da amalanke ta rani ɗaya, da wasan da ke tsakanina da ɗan gwaggona.